Kundi Ɗaya, Alƙalami Dubu: Wa Zai Fara Rubutu?



A wani gidan jarida da na taɓa yi wa aiki, wata rana da daddare muna gaggawar rufe shafi, sai aka kawo labarin wani taron manoma. Abokan aikina biyu suka buɗe labarin a kan kwamfutocinsu kusan lokaci guda, ba wanda ya san ɗan'uwansa yana ciki. Na farko ya tarar an rubuta sunan shugaban taron ba daidai ba, ya gyara, ya adana. Na biyu kuwa, wanda ya riga ya buɗe nasa kwafin tun kafin wannan gyara, ya ga kuskure a wata lamba, ya gyara, shi ma ya adana. Da gari ya waye jarida ta fito, lamba ta gyaru, amma sunan bawan Allah yana nan a karkace yadda aka kawo shi. Edita ya kira na farko ya yi masa tatas, shi kuwa yana ta rantsuwa ya gyara. Gaskiya ya faɗa. Gyaran nasa ya shiga, ya zauna na 'yan mintoci, sa'an nan kwafin abokinsa ya zo ya hau kansa ya shafe shi, na'urar kuwa ba ta ce uffan ba.

Mu dai a ranar asararmu ba ta wuce neman gafara a bugu na gaba ba. Amma irin wannan shiru na na'ura yana iya aukuwa a asusun banki, da kundin magunguna na asibiti, da wurin sayar da tikitin jirgi, da rajistar sakamakon jarrabawa. A can kuwa ba neman gafara ake yi ba, dukiya ce ke salwanta, wani lokaci har da amanar ma'aikacin da bai ci ba bai sha ba. Saboda haka yau za mu duba yadda masu gina manhaja suke sasanta hannaye da yawa a kan rubutu guda, da kuma yadda suke raba mai rubutu da mai karatu.

LITTAFIN AKAWU DA RUMBUN BAYANAI

A zamanin En'e, in ka je baitulmali, littafin kuɗi guda ne a gaban akawu. Wanda littafi ke hannunsa shi ke rubutu, saura kuma su jira. Ba a bukatar wata doka a kan wannan, domin littafi ɗaya ba ya zama a kan tebur biyu. Watau littafin da kansa shi ne kwaɗon da ke hana mutum biyu rubutu tare. Da aka koma ajiye bayanai a cikin na'ura mai ƙwaƙwalwa sai wannan kariya ta halitta ta kau, gama yanzu mutum dubu suna iya buɗe shafi ɗaya a cikin sakan ɗaya, kowa daga inda yake zaune.

Tsarin da yawancin bankuna da ma'aikatu suke ajiye bayanansu a kansa ya samo asali ne daga wani masanin lissafi haifaffen Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ya yi aiki a kamfanin IBM a garin San Jose na Amurka. A shekarar 1970 ya wallafa wata maƙala inda ya ba da shawarar a riƙa jera bayanai a cikin jadawalai masu layuka da ginshiƙai, kowane jadawali da abin da ya ƙunsa: wannan na masu ajiya, wancan na asusu, wancan kuma na shige da ficen kuɗi, sa'an nan a danganta su da juna ta hanyar lambobi. Tarin waɗannan jadawalai shi muke kira rumbun bayanai, harshen da ake yi masa magana da shi kuwa shi ne SQL, wanda shi ma a IBM aka fara ƙirƙiro shi cikin shekarun 1970.

To, amma masu rubuta manhaja ba da jadawali suke tunani ba. A cikin harsuna irin su Java da Python da Ruby, mai ajiya a banki abu ne guda dunƙulalle, da sunansa, da lambar wayarsa, da asusunsa rataye a jikinsa. Rumbu kuwa ya rarraba mutumin nan a layuka na jadawali uku ko huɗu. Domin a huta da fassara wannan zuwa wancan da hannu kowace rana, sai aka ƙirƙiro wata manhaja mai shiga tsakani, wadda a wannan fili za mu kira tafinta. Aikin tafinta shi ne ya je rumbu ya tattaro layuka, ya dunƙula su su zama abu guda ya miƙa wa manhaja, in an gama aiki kuma ya warware su ya mai da su mazauninsu. Daga cikin fitattun tafintoci akwai Hibernate, wanda wani ɗan Ostireliya mai suna Gavin King ya fara a 2001, da wanda ke cikin Rails da ya fito a 2004, da na Django da ya fito a 2005, da Entity Framework na kamfanin Microsoft da ya fito a 2008.

Tafinta ya kawo sauƙi ƙwarai, sai dai ya zo da wata ɓoyayyiyar illa. Abin da yake miƙa wa manhaja kwafi ne, hoton yadda layin yake a lokacin da aka ɗauko shi. Mai rubuta manhaja yana ganin abu a hannunsa sai ya ɗauka shi ne na ainihi, alhali kuwa na ainihin yana can a rumbu, wataƙila wani ya riga ya sauya shi.

NAIRA DUBU HAMSIN

Bari mu buga misali. A ce wata 'yar kasuwa tana da Naira 50,000 a asusunta. Ɗanta ya je banki zai zuba mata Naira 20,000, a daidai lokacin kuma ita tana wurin mai POS za ta cire Naira 10,000. Manhajar banki ta ɗauko asusun ta ga 50,000, ta ƙara 20,000, ta shirya rubuta 70,000. Manhajar cire kuɗi ita ma ta ɗauko ta ga 50,000, ta ɗebe 10,000, ta shirya rubuta 40,000. Lissafin gaskiya 60,000 ne, amma ba ɗaya daga cikinsu da zai rubuta shi. In mai zubawa ne ya yi rubutu a ƙarshe, asusu ya nuna 70,000, banki ya yi asarar 10,000. In mai cirewa ne, asusu ya nuna 40,000, baiwar Allah ta yi asarar 20,000 da ɗanta ya kawo. Kowane ɓangare ya yi lissafinsa daidai, amma sakamako ya fito a gurguje. Hausawa sun ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, to a wurin kundin kuɗi hannu da yawa ba tsari shi ne ƙazantar kanta.

Akwai abin da ya fi wannan ban tsoro. Wasu tafintoci, irin su Hibernate da na Django, in ba a umarce su da wani abu dabam ba, idan za su mai da abu rumbu sukan sake rubuta dukan ginshiƙan layin ne, har da waɗanda ba a taɓa ba. Watau ma'aikacin da ya buɗe bayanin mai ajiya don ya gyara lambar waya kawai, ya tsaya amsa gaisuwa na minti biyar, sa'an nan ya adana, yana iya mai da tsohon bayani a kan duk wani sabon abin da aka rubuta a layin cikin mintocin nan biyar. Shi a ransa lambar waya ya gyara. Irin abin da ya faru da abokan aikina ke nan.

Kada kuma mai karatu ya ce ai haɗuwar mutum biyu a kan asusu ɗaya cikin sakan ɗaya abu ne mai wuya. A farkon 2023, lokacin da aka yi ƙarancin takardun Naira bayan sauya fasalinsu, kowa ya ga yadda jama'a suka koma tura kuɗi ta waya, har mai shayi da mai kayan miya. Asusun babban ɗan kasuwa ko na mai POS a bakin kasuwa yana iya karɓar kuɗi daga hannaye da dama cikin minti guda. Abin da ake ganin sai an dace yake faruwa, in ciniki ya yawaita sai ya zama na kullum.

MUNANA ZATO DA KYAUTATA ZATO

Masana sun fito da hanyoyi biyu na magance wannan. Ta farko ita ce hanyar munana zato. A nan manhaja takan ɗauka cewa lalle wani zai zo ya taɓa layin, saboda haka tun lokacin da take ɗauko shi sai ta ce wa rumbu ya sa masa kwaɗo. Duk wanda ya zo daga baya da niyyar rubutu sai ya tsaya a layi har na farko ya gama ya buɗe. A misalinmu na ɗazu, mai cirewa zai jira mai zubawa ya rubuta 70,000, sa'an nan shi ya ɗauko ya ɗebe nasa ya rubuta 60,000. Ƙa'idar wannan hanya ta fito sosai a wata maƙala ta 1976 da Jim Gray da abokan aikinsa uku na IBM suka rubuta, inda suka nuna cewa in ana so lissafi ya fito kamar an yi ayyukan ɗaya bayan ɗaya, to kowane aiki ya gama tara kwaɗunansa kafin ya fara buɗe ko ɗaya, da zarar ya buɗe ɗaya kuma kada ya sake neman wani.

Wannan hanya tana da tabbas, amma tana da tsada, tsadarta kuwa ita ce jira. In ma'aikaci ya sa wa layi kwaɗo ya tafi cin abinci, duk mai bukatar layin ya tsaya ke nan. Shi ya sa ƙwararru suke gargaɗi cewa kada a taɓa riƙe kwaɗo alhali ana jiran ɗan'adam ya yi tunani, ko ana jiran amsa daga wata na'ura mai nisa. A sa, a yi aiki cikin ƙiftawar ido, a buɗe.

Hanya ta biyu ita ce ta kyautata zato, wadda H. T. Kung da John Robinson na Jami'ar Carnegie Mellon suka bayyana a 1981. Su cewa suka yi, tun da yawancin lokaci ba a karo, me zai sa a wahalar da kowa da kwaɗo? A bar kowa ya ɗauki kwafinsa ya yi aikinsa, sai ya zo adanawa a bincika ko wani ya riga shi. Yadda tafintoci suke aiwatar da wannan abu ne da kowane ɗan jarida zai gane nan take, domin kamar lambar bugu ce. Kowane layi ana ƙara masa ginshiƙi guda mai ɗauke da lamba. In ka ɗauko layi yana bugu na 7, to sa'ad da za ka mayar, tafinta zai ce wa rumbu: rubuta wannan, ka mai da lambar ta zama 8, amma da sharaɗin har yanzu tana 7. In wani ya riga ka, lambar ta riga ta zama 8, sharaɗi bai cika ba, rumbu zai amsa cewa ba layin da ya sauya. Daga nan tafinta ya gane kwafinka ya tsufa, sai ya ƙi aikin ya ɗaga murya. Hibernate da Rails da Entity Framework duk suna da wannan dabara, amma sai mai gina manhaja ya tanadi ginshiƙin da kansa. In bai tanada ba, na ƙarshe ne zai yi nasara a ɓoye.

Wace ce ta fi? Ya danganta ga yawan karo. Inda mutane da yawa suke rububin abu ɗaya, kamar kujerar ƙarshe a jirgi ko buhun ƙarshe a sito, kwaɗo ya fi, domin in aka kyautata zato mutum tara cikin goma aikinsu zai rushe su sake. Inda kuwa karo jefi-jefi ne, kuma mutum yakan daɗe yana cike takarda a kan allo, kamar gyaran bayanin ma'aikaci ko labarin jarida, lambar bugu ta fi. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi da matasa kan manta: maimakon a ɗauko 50,000 a yi lissafi a waje a mayar, sai a ce wa rumbu kai tsaye ya ƙara 20,000 a kan duk abin da ya tarar. Rumbu ya san yadda zai jera irin waɗannan umarni ba tare da ɗaya ya shafe ɗaya ba.

MAI TURMI DA MAI TAƁARYA

Kwaɗo yana da wata fitina tasa ta dabam. Ku ɗauki mata biyu a gida ɗaya, kowace za ta yi daka. Ɗaya ta riga ta ɗauki turmi tana jiran taɓarya, ɗayar ta riƙe taɓarya tana jiran turmi, kuma ba mai niyyar saki. Haka za su wuni ba a yi tuwo ba. A rumbun bayanai haka yake faruwa in aiki na farko ya kulle asusun Audu yana neman na Bala, na biyu kuma ya kulle na Bala yana neman na Audu. An yi kiki-kaka ke nan.

Rumbunan zamani sun san wannan, kuma hukuncinsu ɗaya ne: a sadaukar da ɗaya domin ɗayan ya wuce. Rumbun PostgreSQL, bisa tsarin da yake zuwa da shi, in aiki ya yi jiran sakan ɗaya sai ya duba ko kiki-kaka ce, in ita ce ya rushe ɗaya daga cikin ayyukan ya mai da komai nasa yadda yake tun farko. Rumbun MySQL shi ma yana gano kiki-kaka ya rushe ɗaya, jiran kwaɗo na yau da kullum kuma ya sa masa iyakar sakan 50, in ta cika ya ce wa mai jira ya haƙura. Maganin da ya fi kuwa shi ne rigakafi: a kafa doka a gidan cewa kowa turmi zai fara ɗauka kafin taɓarya. Watau a riƙa kulle layuka bisa jeri guda, misali daga ƙaramar lamba zuwa babba, ko da wane ne ke tura wa wane. Akwai kuma umarnin da ake ba rumbu cewa in layi a kulle yake kada a jira, a dawo nan take, da wani umarnin na tsallake duk layin da ke kulle a ɗauki na gaba, wanda PostgreSQL ya samu a 2016, MySQL kuma a 2018. Wannan na biyu yana da amfani inda ma'aikata da yawa suke ɗibar aiki daga tari ɗaya.

To, in tafinta ya ɗaga murya ya ce an yi karo, me ya kamata a yi? A nan ne ake gane gwani da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan ji haushin ƙarar, sai ya rubuta wa manhaja cewa in ta ji ta yi shiru ta wuce, ko kuma ya cire lambar bugun gaba ɗaya don allon ya daina nuna ja. Wannan daidai yake da mai gidan da ya kashe karensa don yana hana shi barci da haushi. Gwani kuwa yakan watsar da tsohon kwafi duka, ya sake ɗauko sabo daga rumbu, ya sake lissafi tun daga farko, ya gwada sau uku ko huɗu yana ɗan dakatawa a tsakani, in abin ya ƙi ya sanar. In kuma aikin na ɗan'adam ne, kamar gyaran takarda, ba ya yanke hukunci a madadinsa, sai ya nuna masa abin da ya rubuta da abin da wancan ya rubuta ya ce ya zaɓa. Sa'an nan yana lura ƙwarai kada sake gwaji ya sa a tura kuɗi sau biyu ko a aika saƙo sau biyu, gama rumbu yana iya janye abin da ya rubuta, amma ba ya iya janye abin da ya riga ya fita waje.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. A watan Maris na 2014 wani kamfanin ajiyar kuɗin bitcoin da ke Kanada mai suna Flexcoin ya rufe ƙofarsa bayan an sace masa bitcoin 896. Bisa bayanin da kamfanin ya bayar, ɓarawon ya aika dubban umarnin tura kuɗi tsakanin asusu a lokaci guda, kowane umarni ya duba ya ga akwai kuɗi tun kafin a rubuta ragin na gabansa. A 2015 wani masani mai suna Peter Bailis da abokansa suka binciki manhajoji 67 da aka gina a kan Rails, suka tarar masu ginin sun fi dogara ga binciken da tafinta yake yi a waje a kan kariyar da rumbu yake bayarwa, alhali irin wannan bincike, kamar na tabbatar da cewa ba a yi wa suna ɗaya rajista sau biyu ba, yana iya faɗuwa in umarni biyu suka zo tare. A 2017 kuma, a Jami'ar Stanford, shi da Todd Warszawski suka gwada manhajojin kantunan intanet 12, suka gano kafofi 22 da mai wayo zai iya bi, misali ya kashe takardar rangwame ɗaya fiye da sau ɗaya, ko ya sayi kayan da suka fi abin da ke sito. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

MAI KARATU YA AJIYE ALƘALAMI

Yanzu sai rabi na biyu na maganar. Yawancin masu zuwa rumbu ba rubutu ya kawo su ba, dubawa kawai za su yi: mai neman sanin abin da ya rage a asusunsa, mai binciken kuɗi, manajan da ke son rahoton wata. In aka bar waɗannan suka shiga da alƙalami a hannu, an ƙara yawan masu karo ba gaira ba dalili. Tafinta irin Hibernate, duk abin da ya ɗauko yakan ajiye hotonsa na asali a gefe, a ƙarshen aiki ya gwada abin da ke hannu da hoton, in ya ga bambanci ya rubuta a rumbu ko ba a ce masa ya adana ba. Saboda haka mai haɗa rahoton da ya ɗan gyara wata lamba don ta yi kyau a takarda yana iya wayar gari ya tarar gyaran nasa ya shiga kundi na ainihi. In kuwa aka shaida wa tafinta tun farko cewa wannan aiki karatu ne kaɗai, ba zai ajiye hoton ba, ba zai yi gwajin ba, aiki ya yi sauri, ƙwaƙwalwar na'ura ta huta.

Sai dai a nan akwai tarko, domin kalmar karatu kaɗai tana da ma'ana uku, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne. Ta farko ita ce wadda aka faɗa wa tafinta. Wannan alkawari ne tsakanin manhaja da tafintanta, rumbu bai san da shi ba. A Hibernate, in ka sauya wani bayani a jikin abin da aka yi wa wannan alama, ba za a tsawata maka ba, za a yi watsi da sauyin ne a shiru, kuma alamar ba ta hana a share abin ɗungurungum. Ta biyu ita ce wadda aka faɗa wa rumbu da kansa a farkon aiki. A PostgreSQL, in aka buɗe aiki da sunan karatu kaɗai sa'an nan aka yi yunƙurin rubutu a jadawali, rumbu zai ƙi ya kuma faɗi dalili. Ta uku, wadda ta fi duka ƙarfi, ita ce a ba mai shiga izinin dubawa kawai tun daga ƙofa, yadda ko manhajar ta yi kuskure, ko wani ya sace mabuɗinta, ba abin da zai iya sauyawa. Ta farko don sauri ce, ta biyu don kama kuskure, ta uku don tsaro. Wanda ya riƙe ta farko ya ɗauka ya sami ta uku ya yaudari kansa.

A dā, masu karatu su ma sukan sa nasu ɗan kwaɗon don kada a sauya layi suna cikin dubawa, har ya zama rahoton ƙarshen wata yana iya tsai da masu karɓar kuɗi a kanta. Maganin da aka samo shi ne rumbu ya riƙa ajiye tsohon bugu na layi tare da sabo na ɗan lokaci, mai karatu ya ga kundin yadda yake sa'ad da ya fara, mai rubutu kuma ya ci gaba da aikinsa, ba mai tare wani. PostgreSQL ya koma wannan tsari a 1999. Ko ƙaramin rumbun nan SQLite da ke cikin wayoyinmu na hannu, wanda mutum ɗaya kaɗai yake bari ya yi rubutu a lokaci guda, ya sami wani tsari a 2010 da ke barin masu karatu su ci gaba alhali ana rubutu. Amma wannan ma da sharaɗinsa: mai karatun da ya buɗe aiki ya manta bai rufe ba yana hana rumbu share tsofaffin bugu, sai su yi ta taruwa har tafiya ta yi nauyi.

Manyan ma'aikatu kuma sukan yi wa rumbu kwafi na biyu a wata na'ura, su tura masu karatu can. Dabara ce mai kyau, illa dai kwafin yakan kasance a bayan na ainihi da ɗan lokaci. Wannan yana daga cikin dalilan da kan sa mutum ya yi wani sauyi a manhaja, ya duba nan take ya ga tsohon bayani, bayan ɗan jim kuma ya ga sabo. Ga mai kallo wannan ba komai ba ne. Haɗarin shi ne a duba kwafin da ke baya a yanke hukuncin biyan kuɗi a kansa. Duk karatun da za a gina rubutu a kansa, a rumbu na ainihi ya kamata a yi shi, da kwaɗo ko da lambar bugu. Kada kuma a manta, ko dubawar ma ba ta kowa ba ce. Tun da aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya a watan Yuni na 2023, nauyi ne a kan duk mai riƙe da bayanan mutane ya tsare su daga idon da ba shi da hurumi.

Saboda haka ina da kira ga ɓangare uku. Matasanmu masu koyon gina manhaja, ku sani manhajar da ta yi aiki lafiya a kan kwamfutarku, ku kaɗai a ɗaki, ba a jarraba ta ba tukuna, sai kun sa umarni ɗari sun faɗa wa layi ɗaya a lokaci guda kun ga abin da ya fito. Shugabannin ma'aikatu da ƙungiyoyin gama kai masu sayen manhaja, ko ba ku san harshen na'ura ba kuna iya yin tambaya biyu kafin ku biya: in ma'aikata biyu suka gyara bayani ɗaya tare me zai faru, kuma mai duba rahoto yana da ikon sauya wani abu? Ku sa a gwada a gabanku da kwamfuta biyu. Mu kuma sauran jama'a, ranar da allo ya ce mana wani ya riga mu sauya wannan bayani mu sake buɗewa, mu rage tsaki. Na'urar ta ga karo ne ta faɗa, ta zaɓi ta ɓata mana minti ɗaya a kan ta ɓata mana lissafi, da muguwar rawa kuwa gara ƙin tashi. Da irin wannan na'ura muke da ita a daren nan da na ba ku labari, da abokina bai sha faɗan da ba nasa ba.

Allah ya tsare mana amanarmu da dukiyarmu. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.